Sanyin Ɗaki da Lafiyar Kunne: Ƙarar Na'urori a Ɗakunan Kwano da na Kwantena

Duk wanda ya fito daga birnin Sakkwato ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta Kwalkwalawa zai bi, inda hanya ta ratsa fadamar gulbin Rima. Da rana wurin ba ya rabo da hayaniya, domin motoci da babura suna kai da kawowa, masu kifi suna ciniki a bakin hanya, injinan ban ruwa kuma suna ruri a cikin lambuna. A zamanin da, idan dare ya raba sai wuri ya yi tsit, ba a jin komai sai kukan kwaɗi da damina ko haushin kare daga nesa. A yau kuwa, a nan da sauran unguwannin da ke kewaye da birni, dare ya sami nasa sauti: kaɗawar fanka, da gurnanin iyakwandishan, da ƙugin janaretan da ke ba su wuta.

Ba a ga laifin mai neman sanyi a ƙasar Sakkwato. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, sa'an nan a Disamba da Janairu hunturu ya zo da sanyin da ke sa mutane neman abin ɗumama ɗaki. Sai dai kuma irin ɗakunan da ake kwana da aiki a cikinsu suna sauyawa. Shaguna da ofisoshin wucin gadi da ɗakunan masu gadi da na ma'aikatan gini, da yawa yanzu da kwano ake haɗa su, ko da kwantena, ko da allunan da aka ƙera a masana'anta aka zo aka ɗaure da noti. Irin waɗannan ɗakuna suna saurin ɗaukar zafi, suna saurin yin sanyi, don haka sun fi kowane gini buƙatar na'ura, kuma su ne suka fi kowane gini ƙara wa na'urar murya. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana dalilin haka, da illar da yake yi wa barci da karatu da ji, da kuma hanyoyin rage shi.

Mene Ne Sauti, Kuma Yaya Ake Auna Shi?

Sauti karkarwa ce da ke tafiya a cikin iska ko ruwa ko wani abu mai tauri. Idan makaɗi ya doki fatar kalangu, fatar tana rawa, tana tura iskar da ke kusa da ita, wannan iska ta tura ta gabanta, har motsin ya isa kunne. A cikin iska sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda idan zafi yana digiri 20, ya kan kuma ƙara sauri kaɗan idan zafi ya ƙaru. A cikin ƙarfe kuwa saurinsa ya kai wajen mita 5,000 a sakan, wato ya ninka na iska kusan sau goma sha biyar. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin shi ne tushen matsalar ɗakin kwantena.

Abubuwa biyu ne suke bambanta sauti da sauti. Na farko shi ne yawan karkarwa a sakan guda. Sauti mai kauri, kamar na tambari, karkarwarsa kaɗan ce, mai kaifi kuma, kamar kukan gyare, karkarwarsa tana da yawa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin abin da ya kama daga karkarwa 20 zuwa 20,000 a sakan. Na biyu shi ne ƙarfi, kuma ana auna shi da ma'aunin da ake kira desibel, wanda injiniyoyin wayar tarho na Amurka suka raɗa wa suna a shekarun 1920 don tunawa da Alexander Graham Bell. Raɗa tana kaiwa kimanin desibel 30, hira ta yau da kullum kimanin 60, titi mai cunkoson motoci 80 ko fiye, tsawa ta kusa kuwa tana iya kaiwa 120.

Lissafin desibel yana da wata ɗabi'a da ke rikita ɗalibai da farko. Idan fanka ɗaya tana fitar da desibel 50, aka kunna wata irinta a gefenta, jimlar ba za ta zama 100 ba, 53 za ta zama. Dalili shi ne duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu, duk ƙarin desibel 10 kuma yana nufin ya ninka goma, ko da yake kunne yana jinsa ne kamar ya ninka biyu kawai. Saboda haka na'urar da ke fitar da desibel 60 ta fi mai fitar da 30 ƙarfin sauti sau dubu. Wanda ya je sayen na'ura ya ga bambancin desibel 10 a jikin takardunsu, kada ya ɗauka ƙaramin abu ne.

Akwai kuma ƙa'idar nisa. A fili, duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin mutum da tushen sauti, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. Alal misali, idan janareta yana fitar da desibel 80 a tazarar mita 1, a mita 2 zai zama 74, a mita 4 ya zama 68, a mita 8 ya zama 62, a mita 16 kuma 56. Wayar lantarki mai tsawon mita goma sha, idan tana da kaurin da ya dace, tana iya yin aikin da bango guda zai yi.

Mazauna bakin fadama sun san cewa da asuba ana jin kiran salla daga ƙauyen da ba a jin ɗuriyarsa da rana. Ba shirun dare kaɗai ke kawo haka ba. Da dare iskar da ke daf da ƙasa ta fi ta sama sanyi, musamman a kan fadama mai laima, kuma da yake sauti ya fi sauri a iska mai ɗumi, sai ya tanƙwaro ƙasa maimakon ya tashi sama. Ke nan janaretan da bai dami kowa da azahar ba yana iya hana unguwa guda barci da tsakar dare.

Daga Ina Ƙarar Take Fitowa?

A ɗauki fanka da farko. Ƙararta iri biyu ce. Akwai ta iska, wadda fuka-fukai ke yi yayin da suke yanka iska, kuma wannan tana ƙaruwa ƙwarai da saurin juyi: idan aka rage gudun fanka zuwa rabi, ƙarar iskar tana raguwa da kimanin desibel 15. Shi ya sa babbar fankar sama mai juyawa a hankali ta fi ƙaramar fankar tebur mai gudu shiru, ko da iskar da suke bayarwa ɗaya ce. Akwai kuma ƙarar lalacewa, wato idan boris ya bushe, ko fiffike ɗaya ya lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta taru a gefe ɗaya fiye da ɗaya, sai fanka ta riƙa rawa tana ƙugi. Wannan ta biyu ba dole ba ce, gyara ne ke maganinta.

Iyakwandishan kuwa ya samo asali ne a shekarar 1902, lokacin da wani injiniya mai suna Willis Carrier ya ƙera wa wata maɗaba'a a birnin New York na'urar rage laimar iska, domin takarda ta daina kumbura. Yadda yake aiki shi ne yana kwashe zafi daga cikin ɗaki ya zubar da shi waje. Zuciyarsa ita ce kwampireso, wani famfo da ke matse iskar gas, kuma shi ne mai gurnanin nan. A na'urar taga, kwampireso da fankoki duk suna cikin akwati ɗaya da ke zaune a jikin bango, shi ya sa ƙararta takan kai desibel 50 zuwa 60 a cikin ɗaki. A na'ura mai gida biyu, an fitar da kwampireso waje, an bar fanka kaɗai a ciki, don haka ƙarar cikin ɗaki takan tsaya tsakanin 20 da 40, gwargwadon gudun da aka saka ta. Tsohuwar ƙira tana tashi ta mutu, ta sake tashi da ƙara duk bayan 'yan mintoci. Ƙira mai inbata, wadda kamfanin Toshiba na Japan ya fara fitarwa a farkon shekarun 1980, tana rage gudu ne kawai idan ɗaki ya yi sanyi, don haka ba ta yin wannan zabura da ke farkar da mai barci.

Amma a ƙasar Hausa babban mai ƙara ba na'urar sanyin ba ce, abin da ke ba ta wuta ne. Domin ƙaramin janareta ya samar da lantarki irin na Nijeriya, mai juyi 50 a sakan, dole injinsa ya yi juyi 3,000 a minti guda, ko da ƙwan fitila ɗaya aka kunna. Ƙarar tana fita ta salansa, da ta jikin injin, da ta ƙafafunsa zuwa cikin daɓe. Idan salansa ta huje, wanda ke tsaye kusa da shi sai ya ɗaga murya kafin a ji maganarsa, kuma wannan alama ce cewa ƙarar ta kai matakin da ke cutar da kunne.

Ɓangaren ɗumama ɗaki ba shi da yawan ƙara a nan, domin lokacin sanyi gajere ne. Hita mai fanka tana da ɗan sauti, mai waya mai ja kuwa shiru take. A ƙasashe masu ƙanƙara lamarin ya bambanta. A Birtaniya an gina gidajen haɗawa fiye da 150,000 a 'yan shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Amurka kuma miliyoyin mutane suna zaune a gidajen da aka ƙera a masana'anta aka ja su da mota zuwa filinsu. A irin waɗannan gidaje na Amurka sau da yawa tanderun ɗumama gida yana cikin wani ɗan loko a tsakiyar gidan, kusa da ɗakin kwana, kuma bangon da ya raba su siriri ne. Kukan da mazaunansu ke yi da hunturu, shi ne mazaunin kwantena a Sakkwato yake yi da bazara.

Abin da Ya Sa Bangon Ƙarfe Yake Ƙara wa Na'ura Murya

Kwantena an ƙera ta ne don kaya. Wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, shi ne ya fara jigilar irinta ta jirgin ruwa a shekarar 1956. Ƙaramar cikinsu tana da tsawon kimanin mita 6 da faɗin mita 2.4, kuma kaurin ƙarfen bangonta bai wuce milimita 2 ba. Akwai dalilai huɗu da suke sa na'ura ta fi ƙara a cikinta.

Na farko shi ne rashin nauyi. Sauti yana ratsa bango ne ta hanyar girgiza shi, kuma abu mai nauyi yana da wuyar girgizawa. Masana sun gano cewa duk lokacin da aka ninka nauyin bango, sautin da ke ratsa shi yana raguwa da desibel 5 zuwa 6. Murabba'in mita ɗaya na bangon kwantena nauyinsa kimanin kilo 16 ne, na kwanon rufi kuwa bai wuce kilo 2 ko 3 ba. Bangon tubali mai kaurin santimita 40, irin na sorayen gargajiya, yana haura kilo 600. Daga 16 zuwa 600 an ninka fiye da sau biyar a jere, wato 32, 64, 128, 256, 512, don haka bambancin yana kaiwa wajen desibel 25 zuwa 30. Wannan shi ne bambancin da ke tsakanin ƙarar da ke hana barci da wadda da ƙyar ake jinta.

Na biyu shi ne karkarwar da ke bin jikin gini. Tsirkiyar garaya ita kaɗai ba ta da wani amo, sai an ɗaura ta a kan ƙoƙo mai fata sa'an nan muryarta ke fita. Haka kwampireso yake. Idan aka ɗaure shi da noti a jikin bangon ƙarfe, bangon gaba ɗaya ya zama fatar ganga, rufi da ƙofa da taga duk su kama amsawa. Mai ɗaki yana iya gwada wannan da kansa: ya ɗora tafin hannunsa a bango nesa da na'urar, idan ya ji motsi, to ƙarar da ke damunsa ta cikin ƙarfe take zuwa.

Na uku shi ne amsa-kuwwa. Ƙarfe da siminti da gilashi ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi, sai ya riƙa kai da komowa tsakanin bango da bango yana taruwa. Wanda ya fara auna wannan a kimiyyance shi ne Wallace Sabine na Jami'ar Harvard, da aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca a shekarar 1895, saboda ɗalibai ba sa fahimtar abin da malami ke faɗa. Shi da mataimakansa sun riƙa ɗauko matasan kujeru daga wani zaure da dare, suna jera su a ɗakin, suna auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Da haka ya tabbatar cewa yawan abubuwa masu laushi a ɗaki shi ke rage amsa-kuwwa. Kowace uwargida ta san wannan a aikace, domin ɗakin amarya kafin jere yana amsa magana, bayan an shimfiɗa katifa da darduma an rataya labule sai ya yi lif.

Na huɗu shi ne kafofi. Duk inda iska za ta bi, sauti zai bi. Idan kafofin da ke jikin bango suka kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗinsa, to komai kaurinsa ba zai rage fiye da kimanin desibel 20 ba. Ramin da mai walda ya yanka don saka na'urar taga, idan ba a toshe gefunansa ba, shi kaɗai ya isa ya shigo da ƙarar kwampireso da ta janareta, tare da ƙura da sauro.

Ba za a ce kowa ya koma ginin ƙasa ba. Ambaliyar watan Satumba na shekarar 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa jami'a da birni, ta nuna raunin ginin ƙasa a gaban ruwa, kuma ɗakin kwano yana da arha da saurin haɗawa. Amma yana da kyau a san abin da magina na da suka cim ma. Bango mai kauri da rufin azara suna jinkirta zafin rana na sa'o'i da yawa kafin ya isa ciki, suna kuma tare ƙara, duk ba tare da fetur ko lantarki ba.

Jiki Ya Fi Kunne Ji

A can cikin kunne akwai wani ɗan bututu mai kama da dodon koɗi, cike da ruwa, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000. Su ne suke mayar da karkarwa ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, idan ta daɗe ta kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce desibel 85 na sa'o'i 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 sa'o'i 4, 91 sa'o'i 2, 94 sa'a 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Yaron da ke wuni a shagon caji ko na aski, janareta na bakin ƙofa, yana cikin waɗanda ya kamata a duba. Alamar farko ita ce ƙugi ko shuwa a cikin kunne bayan an tashi aiki.

An daɗe ana ɗauka cewa raunin ji dole ne ga tsufa. A farkon shekarun 1960 wani likitan kunne mai suna Samuel Rosen ya auna jin mutanen Mabaan, wata al'umma da ke zaune a karkarar ƙasar Sudan ta wancan lokaci, nesa da injina. Ya tarar cewa tsofaffinsu sun fi takwarorinsu na biranen Amurka ji nesa ba kusa ba. Akwai bambancin abinci da na lafiyar jini a tsakanin al'ummomin biyu, amma binciken ya sa likitoci sun fara tuhumar hayaniyar zamani.

Fanka da iyakwandishan ba sa kaiwa matakin kurmantarwa. Tasu illar a barci take. Ido yana rufewa, kunne kuwa ba shi da marfi, don haka ko mutum bai farka ba, ƙara tana ɗaga bugun zuciyarsa, tana fitar da shi daga barci mai nauyi zuwa marar nauyi. A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar ɗakin kwana ta wuce desibel 30 da dare, ta aji kuma kada ta wuce 35 yayin darasi. A Nijeriya, hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hana hayaniya da aka fitar a 2009. Masu cewa sun saba da ƙara suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin hankali yana sabawa ya daina lura, amma bincike ya danganta daɗewa cikin hayaniyar dare da hawan jini da ciwon zuciya.

Malaman makaranta suna da nasu rabo a wannan batu. A shekarar 1975 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Arline Bronzaft, ta yi nazarin wata makarantar firamare a New York wadda jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta. Yaran azuzuwan da ke fuskantar layin dogo sun kasance a baya wajen karatu, har wasu da kusan shekara guda, idan aka gwada su da na ɓangaren da ba ƙara. Bayan an saka roba a ƙarƙashin layin dogon, an kuma yi wa azuzuwan silin mai shan sauti, sai bambancin ya ɓace. Haka nan da aka sauya wa filin jirgin saman birnin Munich na Jamus wuri a 1992, an ga karatu da hardar yaran da ke kusa da tsohon filin sun inganta, na kusa da sabon kuma sun ja baya. Ajin da ke da rufin kwano ba silin, da fankoki masu ƙugi, da janareta a bayan taga, ɗalibin da ke kujerar baya rabin darasi yake ji.

Hanyoyin Rage Ƙara

Hanya ta farko, kuma mafi amfani, ita ce a rage zafin da ke shiga ɗaki, domin na'urar da ba ta wahala ba ta ihu. A yi wa kwantena rumfa ta biyu a samanta, a bar tazarar da iska za ta ratsa, ko da ta zana ce ko ta karan dawa. A shafa wa rufi farin fenti. A saka silin, a kuma lulluɓe bango ta ciki da katako, a cusa abin tare zafi a tsakani. A ajiye ɗakin a inuwar dogon yaro idan da hali. Bishiya ɗaya ba ta tare ƙara sosai, amma inuwarta tana rage wa kwampireso aiki.

Ta biyu ita ce a raba na'ura da jikin gini. Kashin waje na iyakwandishan a ɗora shi a kan dakalin siminti nasa na kansa, a saka roba mai kauri a ƙarƙashin ƙafafunsa, ko da yankin tsohuwar taya ce, kada a rataya shi a bangon ƙarfe. A toshe duk wata kafa da ke gefen bututu da taga da ƙofa. A riƙa wanke matatar iska, musamman da hunturu, a goge fuka-fukan fanka, a ɗaure notin da ya kwance.

Ta uku ita ce a nisanta janareta, a juya bakin salansarsa daga tagar gida da ta maƙwabci, a gina masa ɗan shinge na bulo a ɓangaren da ke fuskantar ɗaki, a bar masa mashigar iska. A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Kada a taɓa shigar da janareta cikin ɗaki ko zaure ko lungun da ba iska don gudun ɓarawo ko ƙorafin maƙwabta. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma ta sha hallaka iyali guda a cikin barci. Haka kaskon gawayi yake a ɗakin da aka rufe ruf da hunturu. Ba shi da ƙara ko kaɗan, amma ya fi kowace na'ura mai ƙara haɗari.

Ya kamata kuma a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Soso da kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango suna ɗan rage amsa-kuwwar cikin ɗaki, amma ba sa hana ƙarar waje shigowa, domin ba su da nauyi, ga shi kuma suna saurin kama wuta. Abu mai laushi shan sauti yake yi, abu mai nauyi shi ke tare shi.

Daga ƙarshe akwai hanyoyin da ba su da ƙara tun asali. Faifan sola da batir suna iya juya fanka dare guda ba tare da janareta ba, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke jami'ar tun shekarun 1980, ta daɗe tana aiki a kan makamashin rana. Akwai kuma sanyin da tashin ruwa zuwa tururi ke kawowa, wanda shi ke sanyaya ruwan randa. Da wannan dabara Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Na'urar sanyi mai amfani da ruwa da fanka kawai a kan wannan ƙa'ida take, ba ta da kwampireso, kuma ta fi aiki a busasshiyar iskar Maris da Afrilu, ko da yake amfaninta yana raguwa idan damina ta kawo laima.

Aiki ga Ɗalibai

Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta tana iya gwada waɗannan ƙa'idoji da wayar hannu, domin akwai manhajojin auna desibel na kyauta. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa a kwatanta wuri da wuri idan waya ɗaya aka yi amfani da ita. A auna ƙarar janareta a fili a mita 2 da 4 da 8 da 16, a ga ko tana raguwa da desibel 6 kowane mataki. A auna fanka a kowane gudu. A auna ƙara ɗaya daga cikin ɗakin ƙasa da na bulo da na kwano, ƙofa a rufe. A ɗora waya mai karkarwa a kan faranti na ƙarfe, sa'an nan a kan ninkakken zane, a saurari bambancin. A rubuta sakamakon a jadawali, a kai wa shugaban makaranta tare da shawarar inda ya kamata janareta ya koma.

Kammalawa

An ga cewa ƙarar na'urorin sanyi da ɗumi ta dogara ne a kan abubuwa uku: ƙirar na'urar da lafiyarta, da nisanta daga mai saurare, da kuma irin bangon da ke tsakani. Ɗakunan kwano da na kwantena za su ci gaba da yawaita a Kwalkwalawa da sauran wurare, saboda arharsu da saurin haɗa su, kuma zafin Sakkwato ba zai bari a rabu da fanka ba. Abin da ake buƙata shi ne mai walda da mai haɗa wuta da mai ɗaki su sa batun ƙara a lissafi tun kafin a yanka ƙarfe, domin rumfa da roba da 'yan mitocin waya ba su kai kuɗin na'urar taimaka wa ji ba, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.